Taswirar Kore da Shuɗi: Yadda Ake Gane Inda Jam'iyya Za Ta Iya Cin Kujera a Kumasi

Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta shan ataya a Aboabo, sai ɗan yayata, wanda yake cikin samarin da ke yi wa wata jam'iyya hidima, ya miƙo mini wayarsa. Taswirar yankin Ashanti ce, an shafe kusan ko'ina da shuɗi, launin masu giwa, wato jam'iyyar NPP, sai 'yan ɗigo-ɗigon kore na masu laima, wato jam'iyyar NDC, a Asawase da Ejura da wasu 'yan wurare. Ya ce, "Kawu, ai lissafin a fili yake. Kowa ya tsare gidansa kawai." Na ce masa, "Ɗana, da haka abin yake, da babu wanda zai kashe ko sidi ɗaya a kamfe." Taswirar nan tana faɗa maka wanda ya ci, amma ba ta faɗa maka da ƙuri'a nawa ya ci ba, ba ta kuma nuna maka mutum nawa suka kwana a gida ranar zaɓe ba. A cikin waɗannan abubuwa biyu da ta ɓoye ne jam'iyya take gano inda rabonta yake.

Kafin a yi nisa sai an raba ƙuri'un, domin iri uku muke jefawa a Ghana, kuma kowace da nata lissafin. A zaɓen shugaban ƙasa, ƙasar duka kwando ɗaya ce, wanda ya haura rabi shi ya ci, don haka ƙuri'ar Bantama da ta Ketu ta Kudu nauyinsu ɗaya. Shi ya sa a 2020 John Mahama na NDC ya kwashi ƙuri'a sama da 650,000 a nan Ashanti, inda ake cewa ba gidansa ba ne, adadin da ya fi wanda ya samu a yankin Volta da ake kira rumbun NDC. A zaɓen ɗan majalisar dokoki kuwa, duk ƙuri'ar da ka tara a mazaɓar da ka faɗi ta tafi a banza, duk wadda kuma ka tara fiye da buƙata a mazaɓar da ka ci ba ta ƙara maka kujera. A wannan shekarar ta 2020, da ƙuri'a 16 kacal NDC ta riƙe Sene ta Yamma, majalisa ta tashi 137 da 137, sai ɗan takara mai zaman kansa na Fomena, Andrew Asiamah Amoako, ya zama shi ne raba-gardama. Wanda ya tuna wannan ba zai ƙara raina ƙuri'ar tsohuwar da ba ta sami mai kai ta rumfa ba.

Iri na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi na fi so mu tsaya a kai: zaɓen majalisar gunduma, wato na asambiliman (wakilin unguwa a majalisar) da kwamitin unguwa. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 248, ya hana jam'iyya tsayar da ɗan takara ko mara masa baya a wannan zaɓe, ya kuma hana ɗan takara amfani da alamar jam'iyya. A fosta ba za ka ga giwa ko laima ba, sai hoton mutum da sunansa. Amma babu unguwar da mutane ba su san na wa ne ba, ko wa ya biya kuɗin buga fostar. An shirya ƙuri'ar raba-gardama ranar 17 ga Disamba 2019 don a buɗe wa jam'iyyu wannan ƙofa, NDC ta ce a jefa a'a, sai Shugaba Akufo-Addo na NPP ya janye ta a farkon watan. Har yau dai dokar tana nan yadda take, jam'iyyu kuma suna shiga ta ƙofar baya.

Me ya sa suke shiga? Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban gunduma, amma sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta suka jefa ƙuri'a sun amince da shi. Shugaban ƙasa yana da ikon naɗa 'yan majalisar da ba su wuce kashi 30 cikin 100 ba, sauran jama'a ne ke zaɓensu. A ɗauka majalisa mai mutum 100 ce kuma kowa ya zo: ana buƙatar 67, gwamnati tana da 30 a hannu, saura 37 daga cikin zaɓaɓɓu 70. Ke nan sai ta samu fiye da rabin waɗanda unguwanni suka aiko. A gundumar da jama'arta ke tare da gwamnati wannan ba komai ba ne. A inda ba haka ba, kamar Asokore Mampong, gundumar su Asawase, zamanin mulkin giwa, ko sauran Kumasi zamanin mulkin laima, kowane asambiliman yana da tsada. Ta hannun wannan majalisa kuma kuɗin asusun gundumomi ke bi, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Kwata da fitilar titi da bayan-gidan jama'a da rumfar kasuwa duk a nan ake yanke shawararsu.

Duk da haka, a zaɓukan gunduma na baya-bayan nan, har da na 19 ga Disamba 2023, wajen mutum ɗaya cikin uku ne kawai ke fitowa. Wannan abin takaici ne a wajena, amma ga mai lissafin jam'iyya dama ce babba. A ɗauka unguwa tana da masu rajista 6,000, aka samu 2,000 suka fito, 'yan takara huɗu suka raba su. Mai ƙuri'a 700 zai iya lashewa. Mutum 700 kuwa masallatai biyu ne da ƙungiyar mata ɗaya da samarin wata tasha. Saboda haka jam'iyyar da ba ta da ƙarfin cin mazaɓa gaba ɗaya tana iya cin unguwanni a cikinta, in dai mutanenta a dunƙule suke. A ganina, a nan ne rabon masu laima ya fi kusa a Kumasi in ka fita daga Asawase: a zangunan da ke zaune cikin mazaɓun giwa, irin su Zangon Tafo da Moshi Zango. Haka su ma masu giwa, in suna neman gindin zama a Asawase, ba daga tsakiyar Aboabo ko Sawaba za su fara ba, sai daga unguwannin da Asantawa suka fi yawa, sannan su matso.

Sai mu zo kan waɗanda suka kwana a gida, domin zaɓen 2024 ba zai fahimtu ba sai da su. A 2020 Akufo-Addo ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 6.7, Mahama ya samu kimanin miliyan 6.2, kusan kashi 79 cikin 100 na masu rajista suka fito. A 2024 fitowa ta faɗo zuwa kusan kashi 61. Mahama ya ci da sama da kashi 56, amma in ka duba adadin ƙuri'unsa, ƙarin da ya yi a kan na 2020 bai kai ko kusa da abin da NPP ta rasa ba, domin ɗan takararta Mahamudu Bawumia bai kai miliyan 5 ba. A nan Ashanti, inda Akufo-Addo ya kusa miliyan 1.8, Bawumia ya tsaya ƙasa da miliyan 1.4, Mahama kuma ɗan ƙari kaɗan ya yi. Dubun-dubatar mutane ba su koma laima ba, fushi suka yi suka zauna. Dalilin kuwa kowa ya ɗanɗana shi: hauhawar farashi da ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba 2022, harajin tura kuɗi ta waya, faɗuwar sidi, da askin da aka yi wa masu takardun bashin gwamnati, wato rage musu abin da za a biya su, har da 'yan fansho.

Wannan yana da ma'ana biyu. Ga NPP, rabonta mafi kusa yana wurin mutanenta da suka yi fushi, a mazaɓun da ta rasa da ƙaramar tazara alhali fitowa ta faɗi ƙwarai. Shawo kan wanda ya yi yaji ya fi sauƙi a kan neman sabon aure. Ga NDC kuwa, kuskure ne ta ɗauki duk kujerar da ta ci a 2024 a matsayin gado. Kujera irin ta Adansi Asokwa, wadda K.T. Hammond na NPP ya daɗe a kanta kafin ya faɗi, sai an duba a ga shin ƙuri'un laima ne suka ƙaru, ko na giwa ne suka ragu. In na farko ne, akwai abin ginawa a kai. In na biyu ne, kujerar aro ce, kuma mai ita zai iya dawowa.

Alamar wannan fushi ta fito tun kafin Disamba. A Afrilu 2024, bayan rasuwar ɗan majalisa John Kumah, aka yi zaɓen cike gurbi a Ejisu, cibiyar giwa ta gaske. NDC ba ta ma tsaya ba. Ɗan takarar NPP ya ci, amma tsohon ɗan majalisar wurin, Kwabena Owusu Aduomi, wanda ya tsaya da ƙafarsa, ya kwashi sama da kashi 40. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi kyau ba ma haka.

To, da me ake aunawa? Da takardar sakamakon rumfa, mai launin ruwan hoda ɗin nan da ta yi suna a shari'ar Kotun Ƙoli ta 2013. Rumfunan zaɓe sun haura 40,000 a ƙasar nan, kowace da takardarta, kuma wakilin kowace jam'iyya yana da haƙƙin karɓar kwafi. Mai lissafi na gaske yana jera takardun rumfa guda na zaɓe uku a jere, 2016 da 2020 da 2024, ya duba masu rajista nawa, nawa suka fito, tazara nawa. Sannan ya ajiye takardar shugaban ƙasa kusa da ta ɗan majalisa. In a rumfa ɗaya jam'iyya ta samu 300 a sama, ta samu 220 a ƙasa, to mutum 80 sun yi abin da muke kira siket da bulawus, sun zaɓi jam'iyya a shugaban ƙasa sun ƙi ɗan takararta na gida. Waɗannan tamanin ɗin sun riga sun nuna hannunsu yana iya motsi. Rumfar da ta fi yawan irinsu ita ce ta cancanci a kashe mata takalmi, fiye da rumfar da kowa ya dangwala iri ɗaya tun 1992.

Abin da ke haifar da siket da bulawus, sau da yawa, shi ne raunin zaɓen fid-da-gwani. Wakilan jam'iyya ne ke zaɓen ɗan takara, 'yan ɗaruruwa ko dubu ɗaya da wani abu, kuma abin da ke burge wakili a daren zaɓe ba shi ke burge mai sayar da koko a bakin titi ba. Fomena ta 2020 daga nan ta samo asali, ɗan majalisa mai ci ya ɓata da jam'iyyarsa, ya tsaya shi kaɗai, ya kayar da ita. A Dome-Kwabenya ta Accra, Adwoa Safo ta NPP ta faɗi a fid-da-gwani a Janairu 2024, a Disamba kuma kujerar da giwa ta riƙe tun kafa mazaɓar ta koma laima. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jam'iyyar da ke neman inda za ta ci, ta kasa kunne a gidan abokiyar hamayyarta bayan fid-da-gwani: wa ya ƙi zuwa taron sulhu, samarin wa suka cire fosta, wa ya daina ɗaga waya.

Yanzu kan mu mutanen Zango, waɗanda kowa ke ganin an gama lissafinmu. Masu cewa Zango da laima tun fil'azal suke, ba su san tarihin garin nan ba. A shekarun 1950 akwai jam'iyyar Musulmi ta MAP, mai ƙarfi a zangunan Kumasi da Accra, kuma da 'yan adawar Nkrumah ta haɗa kai. A 1957 gwamnatin CPP ta Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar, har da yi musu doka ta musamman. Wato akwai lokacin da manyan Zangon Kumasi suke ɓangaren da daga baya ya haifi NPP. Abin da ya yanke wannan igiya shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969, wadda ta raba iyalai, ta sa mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota. Na taso ina jin tsofaffinmu suna ba da labarin da hawaye. NPP ta san da wannan tabo, ta kuma yi ƙoƙarin magance shi: reshen Nasara na jawo mutanen Zango, Alhaji Aliu Mahama a matsayin mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, ma'aikata da asusun raya Zango a 2017, sannan Bawumia, Musulmi na farko da wata babbar jam'iyya ta ba tuta. Duk da haka a 2024 Asawase da Nima da Mamobi ba su motsa ba. Addinin ɗan takara shi kaɗai bai isa ya sayi ƙuri'ar wanda buhun shinkafa ya gagara ba.

Amma kada masu laima su yi barci a kan wannan. Mohammed Mubarak Muntaka na NDC yana riƙe da Asawase tun zaɓen cike gurbi na 2005, hakan gaskiya ne. Sai dai Madina, mai babban Zango, ta ba Boniface Abubakar Saddique na NPP a 2016, ta kuma karɓe ta ba Francis-Xavier Sosu na NDC a 2020. Yaron da zai fara zaɓe a 2028 an haife shi wajen shekara 40 bayan korar 1969. Labarin kakansa yana da nauyi a zuciyarsa, amma aikin yi da kuɗin haya sun fi kusa da shi.

Kuɗin hayar nan ma yana sauya taswira a hankali, ba tare da kowa ya sauya ra'ayi ba. Ɗakunan Aboabo da Akwatia Line sun cika, masu sabon aure suna fita bayan gari, wajen Kenyase da Mamponteng da Abuakwa. A Accra mutanen Nima da Sabon Zango suna komawa Amasaman da Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya fito, inda Hawa Koomson ta NPP ta rasa kujerarta a 2024 bayan shekara 12. Tambayar da mai lissafi zai yi ita ce, waɗannan da suka ƙaura sun ɗauke ƙuri'arsu, ko har yanzu tsohuwar unguwa suke komawa ranar zaɓe? Da yawa suna komawa, wasu ma har arewa suke tafiya. Sabuwar unguwa mai gidaje dubu wadda rajistarta ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba gona ce da ba a shuka ba, jam'iyyar da ta riga taimaka wa mutanenta su yi rajista ko su maido ƙuri'arsu ita za ta girba. A nan kuma akwai ciwon da muka sani: mai sunan Hausa ko Fulani ko Zabarmawa ko Mosi yakan sha tambayoyi a layin rajista da na katin ɗan ƙasa waɗanda ba a yi wa wani. Wasu sukan gaji su tafi. Duk jam'iyyar da wakilinta ya ƙalubalanci ɗan unguwa a layi saboda sunansa, ta sani gidansu duka sun gani, kuma ba sa mantawa.

Abin da ya fi yaudarar 'yan takara shi ne taro. Samarin da suka cika fili da babura yau da rigar giwa, jibi za ka ga rabinsu da rigar laima, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗin mai ake ba su. Taron tsintsiya ne, ba shara. Ziyarar fadar Sarkin Zango ko gidan liman ita ma girmamawa ce da ta dace, amma ba alƙawarin ƙuri'a ba ce. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, kowace jam'iyya yana karɓarta ya yi mata addu'a, haka ya kamata kuwa. Masu motsa ƙuri'a na gaske ba su cika hawa dandamali ba. Hajiyar da ke riƙe da adashin mata sittin, magajiyar da ba a suna ko biki sai da ita, malamin makarantar allo da iyaye ke jin maganarsa, shugaban mahauta, mai gidan da ke da 'yan haya ɗaki ashirin. Da ɗan gari akan ci gari. In kana son sanin inda jam'iyya take da rai a unguwa, duba wanda ke zuwa jana'iza da zaman makoki a shekarar da babu zaɓe, da wanda aka kira cikin dare ranar da rafin Aboabo ya cika ya shiga ɗakunan mutane.

Abin da ke damuna a duk wannan lissafi shi ne inda yake barinmu. Jam'iyya tana kai kwalta da fitila inda take tsoron faɗuwa ko take kwaɗayin ci. Mun ga yadda aka tashi aikin tituna a Kumawu da Assin ta Arewa ana gab da zaɓukan cike gurbi na 2023. Unguwar da ɗaya ya ce tasa ce ko ya yi ko bai yi ba, ɗayan kuma ya ce ba zai samu ba ko ya yi, ita ce ake bari a ƙarshen layi. Ba ina cewa kowa ya bar jam'iyyarsa ba ne. Ina cewa mu fito da yawa, musamman a zaɓen gunduma da muke rainawa, mu kuma bari a gani a takardar rumfa cewa ɗan takarar da bai yi aiki ba ƙuri'arsa tana raguwa ko da jam'iyyarsa tamu ce. A Ablekuma ta Arewa, sai da aka sake zaɓe a rumfuna 19 a Yuli 2025 kafin a san mai kujera, tazarar kuma ba ta wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Mutanen waɗannan rumfuna sun ga manyan ƙasa a ƙofar gidajensu.

Da aka kira magariba na mayar wa ɗan yayata wayarsa. Na ce ya je wurin sakataren mazaɓarsu ya roƙi kwafin takardun rumfunan unguwarmu na zaɓe ukun da suka wuce, ya kuma nemo adadin da asambiliman ɗinmu ya ci da shi a 2023. Ya ce, "Kawu, ai na gunduma ba na jam'iyya ba ne." Na ce ya dai nemo, ya zo da biro da littafi ranar Asabar, mu zauna mu ƙirga mutum nawa ne a layinmu ba su fita ba, tun da wani zaɓen gundumar yana tafe a 2027.